AYARIN BABURA A KAN HANYAR GARO

Mutumin da ya saba zama a bakin titi a garin Garo, cikin Ƙaramar Hukumar Kabo ta Jihar Kano, ba ya bukatar ya ɗaga kai kafin ya san abin da ke tafe. Kunnensa ya riga ya rarrabe kukan babur ɗin mai kai buhun masara kasuwa da na malamin makarantar da ya makara, ya kuma san rugugin 'yan rakiyar amarya tun suna bayan gari. Amma akwai wani kuka da yakan sa shi ya miƙe tsaye, watau na babura goma sha biyar ko ashirin da suka taho a jere, ba kiɗa, ba guɗa, kowane mahayi hular kwano ta rufe masa fuska. Da shekaru arba'in da suka wuce ne, yara za su sheƙo a guje su yi kallo. Yau kuwa kafin yara su fito, uwayensu sun riga sun leƙo ta kan katanga suna tambayar ko su wane ne.

Mafi yawan lokaci amsar ba ta da abin tsoro. A 'yan shekarun nan an sami jama'a a manyan biranen ƙasar nan, kamar Ikko da Abuja da Kaduna da Kano, waɗanda sha'awar babur ta haɗa su har suka zama ƙungiya. Cikinsu akwai ma'aikatan Gwamnati, da 'yan kasuwa, da ɗaliban manyan makarantu, har da dattawan da suka bar aiki amma suka ƙi rabuwa da tsohuwar Vespa. Sukan sa rana, yawanci Asabar ko Lahadi, su fita bayan gari da sassafe, su yini a kan hanya, su komo gida kafin duhu. Babu fatauci a cikin tafiyar, babu biki. Hawan shi ne abin bukata, sai shan iska da ganin ƙasa.

Bahaushe yana da sunan irin wannan fita tun kafin a ƙera babur. Ita ce kilisa, wadda masu dawaki kan yi da la'asar don su motsa jinin dabba, su kuma nuna ado. A Ingila, inda aka kafa wata ƙungiyar mahaya mai suna Motor Cycling Club tun 1901, 'yan ƙungiyar sun fara tafiyarsu ta shekara-shekara daga Landan zuwa Land's End, can ƙarshen ƙasa a bakin teku, a 1908. Su can hanyar gaɓar teku ita ce abin marmari. Kano ba ta da teku, gama tsakaninta da Ikko ya kai kilomita 1,000. Abin da Allah ya hore mata shi ne manyan madatsun ruwa, da dama daga cikinsu kuwa suna yamma da birni. Saboda haka wanda ke son ya haɗa hanyar karkara da bakin ruwa cikin yini guda, da wuya ya sami wadda ta fi hanyar da ta tashi daga Kabuga, ta ratsa Rimin Gado da Garo, ta kai Gwarzo, sa'an nan a karkata kudu zuwa Ƙaraye.

DOKIN MA'AIKACI

Kafin a bi ayarin, ya kamata a san yadda babur ya sami gindin zama a wannan yanki, domin tarihin nan shi ne ke bayyana irin kallon da mutanen ƙauye ke yi wa mahaya.

A zamanin En'e, keke shi ne abin hawan malamin makaranta da malamin gona da akawun hakimi, babur kuwa sai wane da wane. Abin ya juya ne a tsakiyar shekarun 1970. A 1974 hukumar da Cif Jerome Udoji ya shugabanta ta miƙa wa Gwamnatin Janar Yakubu Gowon rahotonta a kan gyaran aikin Gwamnati. Da shigowar 1975 aka fara biyan sabon albashi, aka haɗa wa ma'aikata da cikon watannin baya tun daga Afrilu 1974. Kuɗi suka zo wa ƙaramin ma'aikaci a dunƙule, irin yadda bai taɓa gani ba. Waɗansu suka sayi rediyo mai kaset, waɗansu suka ƙara aure, da yawa kuwa suka nufi kantin babur. Honda da Yamaha da Suzuki daga Japan, da Vespa daga Italiya, suka cika ƙofofin ofisoshi da makarantu. A wancan zamani in an ji kukan babur a ƙauye, to, an san ma'aikaci ne ya zo, ko mai allurar rigakafi, ko sufeton makarantu, ko ɗan gari da ke aiki a birni ya kawo wa tsofaffi gaisuwa. Akan shimfiɗa masa tabarma tun bai kashe inji ba.

Bayan 1986, sa'ad da Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirinta na gyaran tattalin arziki, darajar Naira ta faɗi, mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, motocin haya suka yi ƙaranci. Nan ne babur ya sauka daga matsayin ado ya shiga neman abinci, aka sami sana'ar acaɓa. Daga baya babura masu araha daga Sin, irin su Jincheng da jama'a suka laƙaba wa roba-roba, da Bajaj daga Indiya, suka mamaye kasuwa, har ya zama manomi yana iya sayen nasa in kaka ta yi kyau.

Ran 19 ga Janairu 2013 'yan bindiga suka kai wa tawagar Sarkin Kano, Alhaji Ado Bayero, hari a cikin gari, aka yi hasarar rayuka. 'Yan kwanaki bayan haka Gwamnatin Jihar, a zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, ta hana ɗaukar fasinja a kan babur a birni da kewaye. A Daidaita Sahu ya gaje titunan birni, babur kuwa ya ƙara kafuwa a karkara. A ƙauyukan Kabo da Gwarzo shi ne motar kasuwa, shi ke kai taki gona, shi ne kuma ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti da tsakar dare in hanya ta gagari mota. Mutanen nan fa ba baƙin babur ba ne. Sun fi yawancin 'yan birni sanin halinsa.

TSARIN AYARI

Lokacin da ya fi dacewa da irin wannan fita shi ne kaka, tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar hazo, watau daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba. Da damina hanyoyin burji kan zama taɓo, rafuka su kawo. Da hunturu kuwa ƙura kan rufe ido, sanyin safiya ya sandarar da yatsu a kan birki. Akan haɗu bayan fitowar rana a wajen Kabuga, ƙofar nan ta yamma wadda sojan Turawa suka shiga birni ta cikinta a Fabrairu 1903, wadda kuma daga gare ta ne titin Gwarzo ya miƙe.

Ƙungiyar da ta san abin da take yi takan tsara kanta kamar ayarin fataken da, masu zuwa Gwanja sayen goro. Akwai madugu, wanda maganarsa ita ce ta ƙarshe a kan hanya. Akwai jagaba, wanda ya riga ya bi hanyar kwana biyu ko uku kafin ranar, ya san inda kwalbati ya karye, da inda ake samun mai marar algus, da inda shingen jami'an tsaro yake. A can ƙarshen layi kuma akan sa mutum mai haƙuri, galibi wanda ya iya kanikanci, riƙe da jakar sufana da fulogi da kayan faci da famfo. Sharaɗinsa guda ne, kada ya wuce kowa. In babur ɗin wani ya mutu, shi zai tsaya tare da shi, ya aika wa madugu. Sababbin hannu da masu ƙananan babura akan sa su gaba, dab da jagaba, don tafiyar ta zama daidai ƙarfin mafi rauni. In aka bar su a baya, sai su yi ta murɗa totur don su cim ma na gaba, a nan ne kuwa ake faɗuwa.

Ba a tafiya kafaɗa da kafaɗa, ba a kuma bin sawun juna taya bisa taya. Ɗaya kan riƙe gefen dama na hannunsa, na bayansa ya riƙe gefen hagu, na uku ya koma dama, ta yadda kowa ke hangen titi ta gefen na gabansa, yana kuma da wurin kaucewa in rami ya ɓullo. Littafin ƙa'idodin hanya na ƙasar nan ya ƙayyade wa babur gudun kilomita 50 a sa'a. Mai wannan gudu yana cin kimanin mita 14 a kowace daƙiƙa, saboda haka tazarar daƙiƙa biyu da ake so tsakanin mahayi da wanda ke gabansa ta kai mita 28. Wanda ya ga wannan ta yi yawa bai taɓa ganin akuya ta yanke shawarar tsallaka titi ba.

Sai maganar hular kwano, wadda take da dogon labari a Kano. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa ta a ko'ina ran 1 ga Janairu 2009. A cikin makonnin nan ne aka ga waɗansu 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a ka sun ɗaure da igiya, har labarin ya kai kafofin watsa labarai na ƙasashen waje, duniya ta yi dariya. Likitocin da ke karɓar waɗanda suka faɗi ba su yi dariya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayyana cewa hula mai inganci, in an ɗaure ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 40 cikin 100, tana kuma rage mummunan rauni a ka da kimanin kashi 70. Madugun kirki ba ya barin mai kai tsirara ya shiga layi. Haka nan ba ya barin mai babbar riga, komai girmansa, sai ya tuɓe ta ya naɗe a jaka, gama sarƙar babur ba ta san aikin Nufe ba, in ta kama gefen riga sai ta kai mai ita ƙasa.

DAGA KABUGA ZUWA GARO

Daga Kabuga har a wuce Rijiyar Zaki da sabon mazaunin Jami'ar Bayero babu wani daɗin hawa, cunkoso ne kawai da hayaƙi. Sai an bar barikin soja na Janguza a baya ne gari kan saki mutum. Daga nan ƙasa ta buɗe. An riga an yanke gero an ɗaure dammuna, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran lauje, mata da yara suna roron gyaɗa. Ɗorawa da tsamiya da kuka suna tsaye a tsakiyar gonaki, gama manomin Kano ba ya sare itacen da ke ba shi kalwa ko miya. Gawo kuwa, wanda ya yini tsirara duk damina, a lokacin ne yake fara fid da ganye. Mai mota yakan wuce duk wannan a bayan gilashi, shi ko mai babur har ƙanshin ƙasa da na harawa yana shiga hancinsa, yana jin sanyin fadama a ƙirjinsa tun kafin ya hango ta.

Amma kaka tana da nata tarko. Manoma kan shanya amfanin gona a gefen kwalta, amalanken shanu kan fito daga burtali ba sallama, manyan motoci masu zuwa Dayi da Malumfashi a Jihar Katsina kuwa ba su cika ganin babur a matsayin abin da za a kauce wa ba. Rimin Gado akan wuce ta a hankali, musamman in an dace da ranar kasuwa.

Garin Garo ya ɗan zarce rabin hanyar Gwarzo, wadda take kimanin kilomita 70 daga Kano. Yana ɗaya daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Kabo, tare da Kabo da Gude da Godiya da Durun da Gammo da sauransu. Wannan ƙasa ta Kabo ita ce ta haifi marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, wanda ya kafa kamfanin jiragen sama na Kabo Air a 1980, ya sa sunan garinsu ya yi ta keta hazo yana jigilar alhazai. Ga masu babur kuwa Garo shi ne zangon farko da ya dace. Inji ya yi zafi, duk notin da zai kwance ya fara kwancewa, ga mai shayi, ga mai faci, ga masu ƙosai da rake a bakin titi.

A nan ne kuma ake gane ayarin da ke da madugu da wanda ba shi da shi.

WANDA MACIJI YA SARA

Ƙasar Gwarzo ta yi iyaka da Jihar Katsina, labarin abin da ke faruwa a can kuwa ba ya bukatar rediyo kafin ya iso, 'yan kasuwa da 'yan'uwa ke kawo shi da bakinsu. Ran 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, garin da ke gaba da Malumfashi. A ƙarshen Agusta 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya kafa dokar tsaro wadda, cikin abubuwan da ta ƙunsa, ta hana sayar da man fetur a jarka, ta hana mutum uku hawa babur guda, ta kuma hana cinikin tsofaffin babura a kasuwar Charanchi. Kowa ya san abin da maharan ke hawa, ya kuma san ba su zuwa ɗai-ɗai. A ƙarshen 2025 masifar ta taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a cikin Jihar Kano kanta, Shanono kuwa maƙwabciyar Gwarzo ce.

To, mutumin da ya kwana da irin wannan labari, in ya hangi babura ashirin sun bar kwalta sun nufo ƙauyensu ta hanyar gona, fuskoki a rufe, ba za a ce ya yi azarɓaɓi ba in ya ɗauki waya. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Kira ɗaya ya isa ya sa mata su kwashi yara, 'yan sintiri su ɗauko makamai, kafin a gane cewa akawu ne da ɗalibai suka fito shan iska, mai yiwuwa an riga an yi abin da ba ya gyaruwa. Wannan haɗari ya fi na rami da na akuya, ba kuwa hular kwano ce ke maganinsa ba.

Maganinsa tsoho ne, fatake sun san shi. Ayari ba ya sauka a gari sai an gai da mai gari. Tun ranar da jagaba ya zo duba hanya ya kamata ya biya ta ofishin 'yan sanda na Kabo da na Gwarzo da na Ƙaraye, ya faɗi rana, da yawan babura, da inda za a bi, ya bar lambar wayar madugu. Sa'an nan ya je ƙofar dagaci, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya ce "Ranka ya daɗe," ya bayyana ko su wane ne da abin da zai kawo su. Dagaci zai sanar da masu unguwanni, su kuma su sanar da jama'a a masallaci. A ranar tafiya, da an iso bakin gari sai a rage gudu, a tsaya, kowa ya cire hula a ga fuskarsa, a yi wa dattawan da ke gindin darbejiya sallama kafin a nemi mai shayi. Kowane mahayi ya riƙe katin shaidarsa da takardun babur, lamba kuma ta kasance a jiki tana karantuwa. Ba a ɗaukar hoton gida ko na matan aure, ba a kuma saka wa duniya hoton shingen jami'an tsaro a Facebook. In dagaci ya ce kada a bi hanya kaza, to, magana ta ƙare, ba a tambayarsa dalili.

Abin takaici, akwai mahayan da ke ɓata wa saura suna. Su ne masu cire salansa don a ji su daga nesa, masu ɗaga tayar gaba a tsakiyar kasuwa, waɗanda ke ɗaukar ƙauye kamar filin wasan da ba shi da mai shi. Irinsu ne kan take kaza ko ɗan akuya su ƙara wuta. A birni wannan ƙaramin abu ne, amma akuyar nan wataƙila ita ce asusun wata tsohuwa, da ita za ta yi wa jikanyarta kayan ɗaki. Ƙa'idar ayari ita ce a tsaya, a nemi mai dabba, a biya a gaban shaidu. Wanda ya gudu ya bar bashi, ayarin da zai biyo baya shi zai biya, ko da bai san an ci ba.

Ga ma'aikacin Gwamnati, tsayawar nan tana da wata riba ta dabam. Akwai wanda ya shekara goma yana sa hannu a fayil mai ɗauke da sunan Durun ko Getso ko Kutama, bai taɓa sanin ko gabas suke ko yamma ba. In ya zauna a benci a Garo na rabin sa'a, kofin shayi a hannu, zai ji farashin buhun taki daga bakin mai saye, zai ga nisan da yarinya ke yi da tulu, zai kuma ga ajin da iska ta yaye wa kwano tun bara. Ba lalle ne wannan ya sake kome a ofis ran Litinin ba. Amma dai gani ya kori ji.

BAKIN RUWA

Ayarin da ba ya son doguwar tafiya yana iya tsayawa a nan ƙasar Kabo, ya gangara madatsar ruwa ta Guzu-Guzu, ɗaya daga cikin madatsun da Jihar Kano ta gina bisa tafarkin da Gwamna Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, ya shimfiɗa. Farin da aka sha a farkon shekarun 1970 shi ya nuna wa kowa hikimar tare ruwan damina. Masu sauran ƙarfi kuwa sukan zarce ta Gude zuwa Gwarzo, su ƙara mai, su bar babban titi ya wuce Dayi, su juya kudu.

Daga Gwarzo zuwa Ƙaraye ƙasa ta fi duhun itatuwa, ga gonakin masara da rogo da rake. A nan ne madatsar Challawa take, kimanin kilomita 90 daga birnin Kano. An gina ta tsakanin 1990 da 1992. Tsayin bangonta mita 42 ne, tsawonsa kilomita 7.8, tana kuma iya riƙe ruwa har mita mai kusurwa huɗu ta kowane gefe miliyan 904. Lissafi ke nan na injiniyoyi. Abin da ido ke gani shi ne ruwa shimfiɗe har inda gani ya ƙare, iska tana tayar da ƙananan igiyoyi suna dukan duwatsu, masunta a kwale-kwale suna jan taru. Ɗan Kano da bai taɓa zuwa Ikko ba, in ya tsaya a nan, ya sami abin da zai kwatanta teku da shi.

Ɗalibi mai lura zai so ya san inda ruwan nan ke zuwa. Daga nan ake sakinsa ya bi kogin Challawa, birnin Kano ya sha daga ciki, sa'an nan ya haɗu da kogin Kano, wanda aka datse a Tiga tun 1974, su zama kogin Haɗeja. Mutanen fadamun Haɗeja da Nguru sun daɗe suna kuka cewa tun da aka yi madatsun nan biyu ambaliyar da suke noma da kiwo da su a kanta ta sake hali, ciyawar kacala kuma ta toshe musu hanyoyin ruwa. Kyan da ake kallo a Ƙaraye, wani ne ke biyan kuɗinsa a can gabas.

A bakin ruwa akan yi alwala a yi azahar cikin jam'i, a sayi soyayyen karfasa ko tarwaɗa da yaji, a miƙe ƙafa. Samari kan so su faɗa ruwa, madugu kuwa yakan hana, domin ruwan da ke kwance a ƙasar nan ba ya rasa tsargiya, ga shi baƙo bai san inda zurfi ya fara ba. Hawan kwale-kwale ma sai da lura. Ba a manta da abin da ya faru a Bagwai ran 30 ga Nuwamba 2021 ba, sa'ad da jirgin ruwa da aka cika fiye da kima ya kife a madatsar Watari, mutane fiye da 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya.

KOMOWA

Tafiya da komowa ta kusa kilomita 200. Ƙaramin babur zai sha kimanin lita 5 ko 6, manyan kuwa ninkin haka ko fiye. A da wannan ba abin lissafi ba ne. Amma tun ran 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa fiye da Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura Naira 1,000. Shi ya sa ƙungiyoyi masu dabara kan yi adashi, su kuma rage yawan fita, don kada kilisar ta zama ta masu hali kaɗai, ƙaramin ma'aikaci da ɗalibi su koma 'yan kallo.

Da an yi la'asar sai a kama hanya, ba a jiran rana ta yi ja. Komowa ta fi tafiya haɗari. Jiki ya gaji, ciki ya cika, kowa yana ɗokin gida, ga shanu suna komowa daga kiwo suna tsallaka titi, ga motocin kasuwa da fitila ɗaya. Sa'a guda ce dai rana ke bayan mahayi, tun da gabas aka nufa. Dokar madugu ita ce magariba ta riski ayari a cikin gari, gama bayan duhu babu dagacin da zai iya shaidar fuskar kowa, jami'in da ke kan shinge kuwa yana da ikon ya yi zato.

A Garo akan ɗan tsaya, ko da na minti biyar ne, a yi wa mutanen da aka gaisa da su da safe sallama, a sayi rake da gyaɗa tsarabar yara. Daga nan sai Rimin Gado, sai Janguza, sai hayaƙin birni. A Kabuga babu mai wucewa gida, kowa ya kafe babur ya jira. Sai mutumin ƙarshen layi ya iso da jakar sufanarsa ne madugu kan ƙirga kawuna ya sallami jama'a, sa'an nan ya buga waya Garo, ya shaida wa wakilin dagaci cewa baƙin da suka wuce da safe sun isa gida, su ashirin, kamar yadda suka fita.